Ginin Dabai Zai Jira

Dabai, Zuru
Nuwamba 2024

Zuwa ga ƙanwata Leah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya kiyaye fitarki da shigarki a can Ingila, ya ba ki ƙarfin tsayuwa gaban ɗalibanki. Mu nan muna lafiya gwargwado. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta je sujada da kanta Lahadin da ta wuce, ko da yake da sanda. Dawa ta yi kyau bana a gonar bayan dutse, mun fara yanka. Ta wajen hanyar Ribah kuwa ba mu noma ta ba, kin san halin da wajen yake ciki. 'Yarki Divine ta yi tsawo, ta kusa kamo matata Saloma a kafaɗa, kuma an sa ta cikin mawaƙan coci.

Za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali muna da waya. Dalili shi ne, a waya in na tambaye ki yadda kike, lafiya lau kawai kike cewa, sai ki karkatar da maganar zuwa ga ginin da kike yi wa Mama. Takarda kuwa dole ki karanta ta har ƙarshe. Malam Yusha'u zan ba, ya miƙa miki hannu da hannu.

Kin ji rasuwar maƙwabcinmu Malam Lukuman, Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Ɗansa Yusha'u ya taso daga can wajenku don karɓar gaisuwa, da mutane suka ragu sai ya shigo gaida Mama. Da yake shi ma koyarwa yake yi, kuma ya riga ki zuwa da shekaru, Mama ta tambaye shi labarinki. Ya ce kina lafiya, aiki ne dai da yawa. Mama ta dube shi ta ce masa ita ta goya shi a bayanta lokacin da mahaifiyarsa ke jinya, don haka kada ya ba ta amsar da ake ba baƙo. Ya sunkuyar da kai. Ya ce kin roƙe shi ya rufa miki asiri, amma bai daɗe da saka mahaifinsa a ƙasa ba, ba zai iya kallon tsohuwa ya yi mata ƙarya ba. Kada ki yi fushi da shi. Ina wurin, na ga yadda maganar ta yi masa nauyi.

Ya fara da bayyana mana yadda albashin malami yake a can. Ya ce in an juya shi zuwa naira sai mutum ya ɗauka dukiya ce, amma tun kafin ya iso hannu an cire haraji da na fansho. Hayar ɗaki ɗaya tana cinye wajen rabin abin da ya rage. Bayan wannan ga wuta, ga gas na ɗumama ɗaki, ga kuɗin bas, ga abinci da ba a tsinko shi a bayan gida. Ya ce malami zai iya rayuwa cikin rufin asiri, muddin bai ɗora wa kansa gida biyu ba. Shi kansa sai da ya zauna da gindinsa kafin ya fara aiko da wani abin kirki, ke kuwa tun watan farko ba ki taɓa fashi ba. Mama ta tambaye shi to daga ina kike fitar da abin da kike aikowa. Ya ce daga jikinki. Kina kashe hita mai ɗumama ɗaki ki kwana da rigar sanyi, kina tafiya makaranta a ƙasa cikin ruwan sama, abincinki shayi da burodi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zamanki da mutane. Ya ce gidan da kike haya akwai wasu mutum uku, kowa da ɗakinsa, kowa da gurbinsa a firji, sai a yi mako ba a haɗu ba. Abokan aikinki mutanen kirki ne, suna murmushi, suna taimako a kan aiki, amma da an tashi kowa ya kama gabansa. Ranar Juma'a sukan je wurin shaye-shaye su yi hira, kowa ya biya nasa, kin bi su sau ɗaya ba ki sake ba. Cocin 'yan Najeriya yana da nisa, kuma kullum ba a rasa gudummawa ko anko, sai kika daina zuwa. Basira matar Yusha'u ta sha kiranki ki zo ku ci tuwo ranar Asabar. Kin je da farko, daga baya kika riƙa ba da uzuri. Basira ta ce ta gane kuɗin jirgin ƙasa ne, da kuma kunyar shiga gidan mutane hannu rabbana. Leah, ke da ba a yin biki ko makoki a Dabai ba tare da an ji muryarki a wajen girki ba.

Daga nan ya faɗi na watan Fabrairu. Makaranta ta kira shi don lambarsa kika bayar, aka ce ba ki zo aiki ba, ba kya ɗaukar waya. Shi da Basira suka same ki kwance da zazzaɓi, numfashi na yi miki wuya, ɗakin kamar cikin randa. Mutanen gidan ba su ma san kina ciki ba. Aka kwantar da ke a asibiti, aka ce sanyi ne ya kama miki huhu. Na tuna watan sarai, domin a cikinsa kika aiko da kuɗin kwanon rufi. Na ji muryarki ta dushe, na tambaya, kika ce hayaniya da yara ce.

Mama ba ta yi kuka a gaban baƙo ba. Da ya fita sai ta ɗauki sandarta ta tafi wurin ginin, ta zauna kan bulo har rana ta yi sanyi. Washegari ta tara mu, ni da ƙannenki Abel da Glory. Ta ce ba za ta kwana ƙarƙashin rufin da aka saya da numfashin 'yarta ba. Ɗakin da babanmu ya bar ta a ciki bai rushe ba, ya ishe ta. Abel ya so ya yi gardama, ya ce duk mutanen waje haka suke faɗa don kada a tambaye su, kuma kin yi masa alkawarin babur. Mama ta tambaye shi yaushe rabon da ya kira ki don gaisuwa kawai. Da yamma shi da kansa ya kwashe kwanon ya jera a rumfa, ya rufe sauran siminti da leda, ya ce in gaya miki zai ci gaba da babur ɗin haya da yake ja.

Ga abin da muka tsayar, kuma ba shawararki muke nema ba. Gini ya tsaya a inda yake. Makarantar Divine ta dawo wuyana, fanshona da dawar bana za su ɗauka. Mama ta je wurin Fasto da ƙafarta ta ce a cire sunanki daga cikin manyan baƙin da za su buɗe gidauniyar coci, kuma ya karɓa da kyakkyawar zuciya, har ya yi miki addu'a. Daga yau har shekara ta zagayo, duk abin da kika aiko zan mayar miki. Duk dangin da ya kira ki da wata buƙata, ki ce ya zo ya same ni.

Lokacin da nake soja aka kai mu Darfur, na san zama a ƙasar da ba a jin yarenka. Amma mu tukunya ɗaya muke ci, in mutum bai fito da safe ba, kafin a gama shan shayi an leƙa shi. Ke ba ki da wannan, kuma ba zai zo ya same ki a ɗaki ba. Don haka ki kunna hita. Ki hau bas. Ki sayi nama. Ki nemi cocin da ke kusa da ke, ko na Turawa ne, ko waƙarsu ba ta da ganga, ki riƙa zuwa har su san fuskarki, su lura in ba ki zo ba. Ranar da abokan aikinki suka fita, ki bi su ki sha lemo, ba zunubi ba ne. Mama ta ɗaure miki kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, ta ce a kicin ɗin Basira za a fara dafa su, kina tsaye a wurin. Gidan Malam Lukuman da namu katanga ɗaya ce ta raba, ba a taɓa tambayar wani abin da ya riƙo ba kafin ya shigo.

Maganar ɗauko Divine, ke ce uwa, amma ina ganin ki bari sai kin sami wurin zama na kirki da mutanen da za ki iya bar musu ita. Ba mu gaya mata zancen asibiti ba, mun bar miki. In kuma kin gwada kin ga ƙasar ba ta karɓe ki ba, ki dawo. Mutane za su yi surutu na ɗan lokaci su gaji. Yaran Zuru ma suna buƙatar mai koya musu lissafi, shugaban tsohuwar makarantarku bai daina tambayarki ba.

Ki gaishe mana da Basira da kyau, ki ce Mama tana sa mata albarka, tare da yaranta Mubarak da Hafsat. Saloma tana gaishe ki, haka Abel da Glory. Gwaggo Joyce ta zo daga Manga, ta ce kullum kina cikin addu'arta.

Mama na zaune gefena yanzu, ta sa na karanta mata duk abin da na rubuta. Ta ce na manta abu ɗaya. Ta ce ta daɗe da lura murya kawai kike kira da ita, kina cewa sabis ba kyau. Ranar Lahadi in kin kira, ki buɗe kyamara. Ta ce ta san kin rame, ba sai kin ɓoye ba, ita da Divine fuskarki suke so su gani.

Allah ya tsare mana ke.

Ni ne yayanki,
Markus