Gwadonki a Bangon Mutane

Zuwa ga Maman Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki. Ni ne dai, daga Riyad, har yanzu ina tuƙi a gidan nan da kika sani. Laifi na yi miki, shi ya zaunar da ni rubutu.

Matar maigidana ta tashi gyaran falo, wai sai ya koma irin gidajen kan dutse na ƙasashen sanyi. Ke da aka haifa a kan dutse cikin sanyin Gembu, da kin sha dariya. An liƙa duwatsu a bango, an jera itacen da ba za a taɓa ƙonawa ba. Wutar murhun ma ta lantarki ce a cikin gilashi, ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki a samanta. Mako uku ina yawo da matar nan, daga shagunan unguwar Batha zuwa kasuwar tsofaffin kaya. Dardumar Turkiyya, fitilar Yaman, ƙahon barewa, kujeru babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Ta ce haka ake yayi. Bango ɗaya ya rage ta rasa abin rataya masa.

Sai ta ga gwadonki a mota. Nakan fito da shi lokacin sanyi, saboda zaman jira.

Kin san wanda nake nufi. Mai ƙunar nan a gefe, ta ranar da hazo ya rufe gari kika zauna gasa masara, tartsatsi ya faɗa masa, kika ce, "Kai ne ka buɗe ƙofa iska ta shigo." Da shi kika lulluɓa a jinyarki ta ƙarshe. Bayan sadakar bakwai na sa shi a jaka ban gaya wa kowa ba, kuma tun ranar ban bar ruwa ya taɓa shi ba.

Ta juya shi, ta yaba, har ƙunar sai da ta yaba. Ni kuma bakina ya yi abin da aka koya masa tun ƙuruciya, na ce ai nata ne. A wajenmu in ka faɗi haka, mutum godiya yake yi ya ajiye maka kayanka. Ita godiya ta yi ta naɗe.

Kwana goma ina shirya yadda zan roƙe ta ta maido mini. Kin san ni da nauyin baki. Jiya dai na daure na yi sallama, kafin in ce komai ta ce in shigo in gani. Ga shi can saman murhu, an miƙe shi da ƙusoshi, an haska masa fitila kamar wani babban baƙo. Wallahi ya yi kyau, Maman Sani. Duk zamanmu ban taɓa lura yana da kyau haka ba.

Na matsa kamar mai duba ƙusa, na kai hancina. Ashe sun kai shi wanki. Hayaƙin ɗakinki, man kaɗanyar da kike shafawa, babu ko ɗaya. Sai turarensu.

Na ce mata ya yi kyau, na fito. Ban roƙa ba. Me zan karɓo?

Ki yafe mini. Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa idan tawa ta zo in tarar da ke ba ki riƙe ni ba.

Mijinki, mai kewarki,
Baban Sani