Ƙofar Gwaji

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Ni jiki Alhamdulillahi, ɗinkin aikin da aka yi min ya kama, har na fara zama a kujera.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Yanzu ban yarda da waya ba, har da irin wadda ni da kai muka rubuta wa manhaja.

Jiya Mama ta miƙo min wayarta, wai tana zafi kamar dutsen guga, batir ba ya kai azahar. Na jona ta da kwamfuta don in rage zaman banza. Auta, ƙofar gwaji a buɗe take. Ka san wadda nake nufi, hanyar nan da muke bari a can ƙasan manhaja don mu riƙa leƙawa lokacin gini, mu toshe kafin waya ta shiga kasuwa. Wani na bi ta nan yana kwashe saƙonnin mutane. Kuma sabuntawar da ta zo da ita, da makullina na sirri, mai tabbatar da aikinmu, aka sa mata hannu, wanda na bar maka a aljihun tebur ranar da za a yi min aiki.

Dokarmu tun muna ɗan shago mai fanka ɗaya ita ce ba a sa hannu sai ido huɗu sun gani. Idon wa ya gani?

Ka gaida mutanen gida.
Yayarka

*

Yaya ta kaina,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Ke dai ba kya canzawa, likita ya ce ki huta, kin koma yi wa waya tiyata!

Mantuwa ce wallahi. Kamfanin da ke haɗa wayoyin suka taso ni a gaba, ke kina kwance, na haɗa a gurguje ban toshe ba. Ɗan Adam ajizi ne. Zan gyara a sabuntawa ta gaba. Don Allah ki bar zancen tsakaninmu, kada allura ta tono garma. Mama kuwa zan sayo mata sabuwa.

Ki sha magani a kan lokaci.
Ƙanenki

*

Auta,

Sallama. Na ga takardarka, na kuma zauna na karanta aikin layi bayan layi.

Mantuwa ba ta sake wa abu suna. An ɗauke ƙofar daga inda na bar ta, an cusa ta cikin ɓangaren da ke kula da batir, an raɗa mata suna kamar mai auna zafi. An koya mata ta yi lamo sai allon waya ya mutu. Aikin ya yi tsaf, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai, domin na gane hannun. Ni na zaunar da kai kan benci na koya maka, lokacin da ko kunna kwamfuta sai ka yi addu'a.

Kuskurenka ɗaya, wanda na gaji da ja maka kunne a kansa: ka tashi waya daga barci, ba ka mayar da ita ba. Shi ya sa take zafi. Da ka ji maganata, da har yau ban sani ba.

Sannan da sunana ka shigar da aikin, a ranar da nake kwance ban san inda kaina yake ba. Ka zo asibiti a ranar, ka riƙe hannuna kana hawaye. Daga can ka wuce ofis, ko daga ofis ka zo?

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ka faɗa min gaskiya.
Yayarka

*

Yaya,

Barka da war haka. To, tunda kin gani.

Kamfanin suka ce ko mu bar musu hanya, ko su kai aikin wani wuri. Na dubi ma'aikatanmu da iyalansu. Na san ba za ki yarda ba, kuma sa hannunki kaɗai suke karɓa. Ke kina cikin ɗaki da na'ura, ni nake shan kallon masu jiran albashi in wata ya ƙare.

Ki yi tunani kafin ki yi wani abu. Sunanki ne a jikin aikin, ba nawa ba. In ta fashe, ke za a fara nema.

Ki yi haƙuri.
Ƙanenki

*

Auta,

Sallama. Na aika an ɗauko min makullin daga ofis, na toshe ƙofar, sabuntawa ta fita, sannan na soke shi. Na kai kaina wurin hukuma kafin su neme ni.

Gobe da safe za su tambaye ni wa ya riƙe makullin ranar da aka yi min aiki. Na roƙi a ajiye kujera biyu. Ka zo ka faɗa da bakinka. In ba ka zo ba, zan faɗa da nawa.

Allah ya shirye ka.
Yayarka