Ɗakin da Na Gyara wa Koharu

12 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana Sadao,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan ka tashi lafiya. Yaya jiki, hannun daman ya fara motsi kuwa? Ina gaida ma'aikaciyar jinyar da ke karanta maka wasiƙuna, ki yi haƙuri 'yata da rubutun tsohuwa. Nan ƙauye lafiya lau, an gama yankan shinkafa, itatuwan kan dutse sun fara ja.

Baban Norio, ina da labari, kuma kada ka ɗaure mini fuskar nan taka. Ɗanka ya bugo waya daga Nagoya, ya ce birni ya ishe shi, da zai samu yadda 'yarsa Koharu za ta iya kwana a gidan nan, da ya kwaso iyalinsa ya dawo. Ka tuna zuwansu na ƙarshe, da hayaƙin murhu ya tayar mata da asma har muka ruga da ita asibiti. Tun ranar uwarta Asami ba ta sake yarda ta taka ƙofarmu ba, ni kuma ban ga laifinta ba.

Don haka na hau sama, ɗakin ƙarƙashin jinka inda mahaifiyarka ta yi kiwon tsutsar siliki. Shekara talatin ba abin da ke ciki sai tsoffin faya-fayai da kunkunniya. Na kira kafinta daga gari muka gyara shi. Ka san a tsakiya kaɗai mutum ke iya miƙewa, gefe da gefe rufin ya gangaro har ƙasa. Sai na shimfiɗa katifa a gangaren, tunda mai barci ba ya neman tsawo. Lungun da ko kyanwa sai ta sunkuya, an yi masa durowoyi gajeru. Teburin karatu yana gaban tagar gabas. Mun rufe gangaren da allunan katako, na manna musu takarda fara mai zanen ƙananan tsuntsaye. Sau uku ina buga kaina da azara.

Abokinka Genzo, sarkin baibayar ƙauyen nan, ya ga ƙululun a goshina ya ce, "Kinue, shekara arba'in kina gidan nan, sai yau rufin ya samu damar gaishe ki?" Na ce ya tafi ya ji da sanƙonsa. Da zai fita ya ɗaga kai ya ce, "Ni kam kwana biyu ban ga hayaƙinki ba." Na ce masa na sayi abin ɗumama ɗaki na kananzir saboda gwiwoyina.

Ka ci abinci ko ba ka so. Ranar Lahadi zan shigo motar safe in kawo maka tsamin kabu, farin tushen lambun nan da na jiƙa da gishiri.

Taka,
Kinue

19 ga Agusta

Baban Norio,

Ina gaishe ka, ina fatan zafin nan bai takura maka ba. Wancan zuwan na ga ka rame, ban faɗa ba ne kawai.

Sun zo bikin tarbar ruhohin kakanni, su uku. Kwana biyar Koharu ta yi a ɗakin sama, ko tari ɗaya ba ta yi ba! Da safe ta biyu na iske Asami a gindin matakala tana share hawaye, ta ce mini, "Mama, yarinyar nan ko a gidanmu ba ta barci haka." Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba, mu da tsakaninmu sai gaisuwa.

Jikarka shekararta bakwai yanzu, baki kamar naka. Ta yi ta takawa zuwa gangaren har kanta ya taɓa rufi, ta sa na ja layi da fensir a wurin, na rubuta kwanan wata. Wai, "Kaka, in na ƙara tsawo ɗakin zai ƙanƙance, ko?" Na ce haka ne, duk shekara sai ta matso tsakiya kaɗan. Ta ce to ta yarda, amma kada in bari kowa ya kwana mata a ciki.

Norio dai bai yanke magana ba. Ya ce, "Mama, bari mu ga yadda aiki zai yi." Halinka ne sak, sai an ja shi kamar tsohon bijimi. Amma na gan shi yana auna ƙofar rumbu da ido, ko motarsa za ta shiga.

Rabona da farin ciki irin wannan tun kafin ka faɗi.

Matarka,
Kinue

21 ga Nuwamba

Maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. Na san mako uku ban zo ba. Ba gwiwa ba ce kamar yadda na sa aka gaya maka, kunyar haɗa ido da kai nake ji. 'Yata mai karatu, ki karanta masa wannan a hankali, kada ki tsallake komai.

Ranar da motar asibiti za ta tafi da kai, bakinka a karkace, abu ɗaya ka iya faɗa: kada in bar murhu ya mutu. Na ce to. Sadao, yau shekara ɗaya da wata ɗaya ban hura shi ba. Ban tsaya nan ba. Daɓen ɗakin sama da kakanninka suka yi da sanduna, suka bar tazara don hayaƙi ya ratsa ya hau jinka, na sa kafinta ya toshe shi ruf. Ba rashin sani ba ne. Tun ina amarya mahaifiyarka ta gaya mini hayaƙi ne ke busar da ciyawar, ya kori ƙwari, ya ƙarfafa igiyoyin da suka ɗaure azarorin, tunda rufin nan ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Na ce a raina rufin da ya sha hayaƙin shekara ɗari biyu ai ya ƙoshi.

Tun damina nake jin wari, ina kunna turare. Shekaranjiya Genzo ya shigo ba sallama, ya ce shi daga hanya ya ga bayan rufin ya lotsa ta arewa. Ya hau sama, ya ɓamɓare allo guda. Bayansa fumfuna ce fara fat, ciyawar ta jiƙe ta yi baƙi. Ya sa yatsa ya ja igiya, ta tsinke a hannunsa kamar dafaffiyar taliya. Na jira ya yi mini tsiya irin tasa, bai yi ba. Ya zauna a kan katifar Koharu ya ce, "Haba Kinue. Haba matar Sadao."

Ya ce shi da mutum huɗu za su iya sake ɗaurin kafin dusar ƙanƙara ta sauko, in ba haka ba rufin ba zai ɗauki nauyin bana ba. Amma sai an cire allunan duka, an buɗe daɓen, wuta kuma ta koma ci kullum. Ya ce, "Ba zan tara tsofaffin ƙauye gayya a kan rufin da za a sake shaƙewa ba. Mu nawa muka rage?"

Ga abin da ya hana ni zuwa. A makon da ya wuce Norio ya bugo. An ba shi canjin wurin aiki. Ya ce Afrilu za su taho gaba ɗaya, har Koharu ta fara gaya wa 'yan ajinsu tana da ɗaki mai tsuntsaye. Na tambayi likitanta ko za a iya hura wuta jefi-jefi, ya ce ko ƙaurin da ke kama bargo ya isa ya kwantar da ita.

In na bar ɗakin, gidan zai faɗo mata a ka. In na ceci gidan, ba za ta iya numfashi a cikinsa ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma ni na yi da hannuna. Da kana iya magana da na ce ka zaɓa, don na gaji.

Mai neman gafararka,
Kinue

3 ga Disamba

Baban Norio,

Gaisuwa da fatan sauƙi. An ce da aka karanta maka wasiƙata ka juya fuska bango, ka ƙi cin abinci. Ka ci, don girman iyayenka. Fushin ka ajiye mini shi sai na zo.

An gama ɗaurin jiya. Ni na cire takardar nan mai tsuntsaye da kaina, ban yarda su taɓa ba. Na gaya wa Norio a waya. Ya ce, "To Mama, na gane." Ya ce zai nemi a soke canjin aikin, don ba gidan haya ko ɗaya a kwarin nan. Asami ta karɓa ta ce in kula da gwiwata. Koharu ba ta zo kan waya ba, ban kuma nemi a kira ta ba.

Allo ɗaya na roƙi Genzo ya bar mini a inda yake, mai layin fensirin. Ya ce zai baƙanta. Na ce na sani.

Da safiyar nan na hura murhu. Itacen da ka faskara kafin ka kwanta ne, ya bushe ƙayau, nan da nan ya kama. Na hau sama na zauna a tsakiya, ina kallon hayaƙin yana fitowa ta tsakanin sanduna yana shiga ciyawa. Idona ya yi ta ruwa, ba kuma mai tambaya ta dalili. Genzo ya wuce ta hanya, ya ɗaga kai, ya cire hularsa, ya ci gaba da tafiya.

Gidanka zai kai bazara, Sadao. Na sake bin layin da fensir don ya daɗe kaɗan, har yanzu ana iya karanta kwanan watan.

Ranar Lahadi ina tafe. Za ka ji ƙaurin hayaƙi a rigata tun daga ƙofa.

Matarka,
Kinue