Ranar da Na Ja Hannun Hajiya

Karmo, Abuja.

Zuwa ga 'yata Nabilah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Muktar. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya ba ki ƙarfin jiki a wannan wata na takwas. Kumburin ƙafar da kika faɗa mini ya hana ni sukuni. Ki riƙa ɗora ta a kan matashi, kuma ki nuna wa likita ko da kin ga ya ragu. Mu nan muna lafiya. Gwiwar babanki ta yi sauƙi har yana fita shago, ƙanwarki Zulai kuma ta gama jarrabawa. Ita za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki, amma rubutun nawa ne, ban bari ta taɓa ko harafi ɗaya ba.

Maganar da kika yi a waya ce ta sa na zauna rubutu. Kin ce kada in zo Landan wajen haihuwarki, in bari sai Muktar ya samu hutu, domin tsakanin gidanku da asibiti sai jirgin ƙarƙashin ƙasa, kina tsoron in ɓace. Ban yi miki musu ba, amma na ajiye wayar raina babu daɗi. Haihuwar fari ce. Wa zai dafa miki ruwan wanka, wa zai dama miki kunun kanwa?

Ana cikin haka surukarki Hajiya Ummukulthum ta zo daga Katsina ganin likitan ido, ta sauka wurinmu. Ta ce tunda ta zo Abuja tana so ta ga gari. Na ce mata mu je tashar Idu mu hau jirgin ƙasan nan na cikin gari, ni ma ban taɓa hawa ba. Ban gaya mata kaina nake gwadawa ba.

Jirgi ya iso, ƙofa ta buɗe da kanta. Na ja baya na ce wa Hajiya bismillah, ita ce babba kuma baƙuwa. Ta ce sam, ni ce mai gari, in wuce. Na ce Allah Ya kiyaye in sha gabanta, ta ce ita ma haka. Muna wannan girmama juna ƙofar ta rufe a kan idonmu, jirgi ya tafi abinsa. Wata ma'aikaciya mai suna Angela, wadda ta iso a guje ta rasa shi ita ma, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Mama, wannan ba motar oga ba ne. Jirgi bai san babba ba." Fiye da awa ɗaya muka zauna jiran wani, ina ta tunanin da kin gan mu sai ki ce ai kin faɗa.

Da na biyu ya zo, Hajiya ta sake tsayawa a bakin ƙofa, ta buɗe baki za ta ce bismillah. Nabilah, ban san lokacin da na cafki tsintsiyar hannunta na ja ta ciki ba, takalminta ɗaya ya kusa zama a waje. Shekara huɗu muna surukuta, ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba, yau ga ni na finciko ta a cikin jama'a. Muka zauna, kunya ta hana ni kallon fuskarta. Sai na sa ido a taga, duk tashar da muka tsaya in karanta mata sunan da ke jikin allo, tunda idonta ba ya gani daga nesa. Na karanta Wupa, na karanta Kukwaba, ban tambayi kowa ba. Ni ce na ce mata mu tashi, mun iso tashar cikin gari, kuma daidai ne.

Da muka sauka na fara ba ta haƙuri. Ta murza hannunta, ta dube ni ta ce, "Maman Nabilah, ashe haka kike da ƙarfi? Ke za ki je ki riƙe mana yarinyar nan. Muktar kuwa ni zan kira shi."

Na san jirginmu a sarari yake tafiya, naku kuma a ƙarƙashin ƙasa, da layuka barkatai. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoronsa. Amma bayan ranar na koma sau biyu ni kaɗai, na je na dawo. Ki rubuto mini sunayen tashoshin da ke tsakanin gida da asibiti da manyan baƙaƙe. Malama Felicity, wadda ta koya mini karatu ina da shekara hamsin, ta ce za mu zauna a kansu har su zauna mini.

Babanki da Zulai suna gaishe ki. Ki gaida Muktar, ki ce masa ya ɗaga wayar mahaifiyarsa. Kanwa da yaji suna cikin jaka tun jiya, ranar tashi kawai nake jira ku faɗa mini.

Ummanki,
Juwairiyya