Inna Ba Za Ta Koma Kan Bokitin Nan Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Kula da Asibitin Garinmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, ina gaida iyali da sauran dattawan kwamiti. Allah shi ƙara girma.

Ni ne ɗan matar da ke shara da goge-goge a ɗakin haihuwa, ɗan kabu-kabun da ke sauke ta bakin ƙofa kowace safiya kafin in kama hanyar Bodinga. Ka san ni, na sha kai ka Shagari. Karatuna bai wuce firamare ba, in ka ga kuskure a rubutun ka yi haƙuri da shi. Na je gidanka, anka ce kana hutawa. Na koma, anka ce ka fita. Na bi ta hannun liman, shiru. Shi ya sa na fito da maganar fili, kowa ya karanta.

Na ɗaya, yadda kuke zaɓen maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ran da mai kawo kaya ya zo da jarkoki, ina ƙarƙashin bishiyar bakin asibiti ina jiran Inna. Na ga kana buɗe su ɗaya bayan ɗaya kana shinshinawa. Mai takarda manne a jiki ka ture ta gefe, wai ba ta da ƙarfi. Wadda ta sa ka kau da kai har idonka ya kawo ruwa, ita ka ce a sauke. Ba suna a jikinta, ba bayanin yadda ake sirkawa, ba ranar lalacewa. Ranka shi daɗe, daddawa ce ake saye da hanci. Wanga abu ɗakin da ake haihuwa za shi.

Na biyu, haɗin da kunka ƙirƙiro. Lokacin da masu duba asibiti za su zo daga Sakkwato, kun ce a zuba na jarkar nan cikin bilic, ruwan nan mai sa tufafi fari, a ƙara maganin wanke bayan gida, a rufe tagogi, don wari ya tarbe su tun daga ƙofa su san ana tsabta. Malamar jinya da anka turo mana ta hana. Ta ce in an fara wanke wuri da sabulu, bilic da ruwa kawai, daidai awon da ke jikin kwalba, sun isa. Ta ce gauraya shi da wani abu na tada iska mai ƙona huhu. Kunka ce ai yarinya ce, kuma baƙuwa. Masu dubawa sun zo sun tafi, haɗin kuwa ya zauna, ya zama na kullum.

Na uku, abin da idona ya gani. Ƙafafun gadajen ƙarfe sun ci tsatsa tun ba su tsufa ba. Masu jego na tari suna rufe fuskar jarirai da gefen zane. Ba a ba Inna safar hannu ba, leda take ɗaurawa, har fatar yatsunta ta tsattsage, in za ta yi alwala sai ta cije leɓe. Duk wannan na haƙura, don ta ce kada in ja mata magana. Sai satin da ya wuce, ina hanyar Danchadi da fasinja, anka kira ni. Na iske ta zaune a ƙasa bakin ƙofa, ƙirjinta na kuka, ba ta iya haɗa kalma biyu. Na ɗaura ta a bayana da mayafinta har Sakkwato. Tambayar farko da likita ya yi mini ita ce me ta shaƙa. Alhaji, na ce masa ban sani ba. Jarkarka ba ta da suna.

Na huɗu, saƙonka. Ba ka zo gaishe ta ba, amma ka aiko cewa tsufa ne da sanyi, ta dawo bakin aiki ko a ba wata. Inna ta tsorata, don aikin ga shi ke riƙe da ita. Jiya da safe ta shirya, ta fito tana numfashi da ƙyar, ta tsaya kusa da babur. Tun da nake ban taɓa ƙin umarninta ba. Jiya na ƙi tada mashin. Kuma kada ka ji daga bakin wani: matar da kuke shirin ɗauka mai goyo ce, na je gidansu, na gaya wa mijinta komai, na ce su zo su ga hannun Inna.

Ga abin da nake roƙo. A fitar da jarkar nan daga asibiti, kuma kada a zubar da ita kusa da rijiya. A hana haɗe-haɗe. Zaɓen magani a bar wa malamar jinya, ta karanta abin da ke jikin kwalba, ta zaɓi mai kashe cuta ba tare da ya kashe mai goge ɗaki ba. A kawo safar hannu da takunkumi, a bar tagogi a buɗe. A ajiye wa Inna aikinta har ta warke. Ran da anka yi haka, ni da kaina zan kawo ta.

In kuwa har yanzu kana kan cewa haɗin ba shi da illa, to abin mai sauƙi ne. Bokitin na nan bayan ƙofa inda ta bar shi. Ka zo ka haɗa da hannunka, mu rufe maka tagogi yadda kunka ce, ka goge ɗaki ɗaya. Zan ɗauko ka daga gida kyauta, kuma zan tsaya waje da mashin a kunne, don na riga na san hanyar likitan.

Allah shi ba ka lafiya da tsawon rai, shi tsare ka da iyalinka daga shaƙar abin da mahaifiyata ta shaƙa, shi sa ka gama da jama'arka lafiya.

Wassalam.

Naka,
Ɗan mai sharar ɗakin haihuwa.