Kyanwar Rahamatu da akushina

Gwaggo mai filin shawara, ki agaza mini. Ni ban yi boko ba, Malam Sabitu mai rubutun wasiƙa a kasuwar Kurfi ke rubuta abin da nake faɗa.

Ina da kyanwa, jikar wadda marigayiya matata Rahamatu ta bari. Akushi ɗaya muke ci da ita, haka na taras ubana na yi, kuma malamai sun ce sauran kyanwa mai tsarki ne. Jikata Kyauta, ɗiyar ɗana Labaran, ita ma a akushin nan take ci. Da damina kyanwar ta kama amai, sai yarinyar ta bi, zawo da murɗar ciki har ta rame. A asibitin Dutsin-Ma wani Gidiyon mai ba da magani ya ce mu raba kwano da dabba. Ni da na ga yunwar 'Yar Gusau, na san wanda ya haƙa kowace rijiya a ƙauyenmu Barkiya, na ce baƙon da ya zo jiya ba zai koya mini cin tuwo ba. A gaban mutane na faɗa masa.

Yarinyar ta warke, ta dawo, ta sake kwantawa. Labaran bai ɗaga mini murya ba, ya kwashe iyalinsa ya koma Dutsin-Ma. Yanzu ni ma cikina ci yake kamar wuta. Gidan shiru. Kyanwar kuwa ba zan iya korarta ba. Yaya zan yi?

Tsoho daga Barkiya

Baba, sannu da wannan damuwa. Malamai ba su yi kuskure ba, amma maganar ibada suke yi. Akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna bin kwano da ruwan sha tsakanin mutum da dabba. Ko kyanwar ce ta fara, ko ruwan randa ne, ni daga nan ba zan sani ba. Labaran kuwa tsoron rasa ɗiyarsa ya fitar da shi, bai raina ka ba.

Kada ka kori kyanwar. Ka ware mata kasko, ka rufe randa, ka kai ta wajen malamin dabbobi. Kai ma je a duba cikinka, ka nemi Gidiyon ka ba shi haƙuri a gaban mutane. Daga nan ka wuce gidan Labaran, kada ka jira ya zo. Allah ya ba ku lafiya, ya raya Kyauta.

Gwaggo