Bangon da Inna Ta Dafa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsabtace Gari da Kawar da Kangaye,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar girma, kai da iyalinka da abokan aikinka, da fatan ana azumi lafiya.

Sunana Umaru, tsohon leburan layin dogo, mazaunin Ƙauran Namoda. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku masinja yana ce mini ka fita rangadi. Shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka. Ni ne mai gidan nan na Shiyar Marina, a garin kan tudu na ƙasar Zurmi, wanda katafilarku ta rushe ranar Talata, sati biyu kafin azumi. A takardarku an kira shi kango. Wallahi ba kango ba ne, kuma ga dalilaina.

Na ɗaya. A gidan nan aka haifi mahaifiyata, Inna Kulu. Bayan rasuwar mahaifinta aka yi shekarar fari, 'yan'uwanta suka sayar da gidan suka watse. Tana can gidan aure a Ƙaura labari ya iske ta. Tun ina yaro nake jin yadda zauren yake, da soron gabas, da yadda in ka tsaya a ƙofa kana hango fadama da shanun Fulani suna gangarawa mashaya. Na hardace gidan ban taɓa shigarsa ba. Da na aje aiki, abokaina wani ya sayi babur, wani ya sayi injin niƙa. Ni na tattara abin da na samu na sayi tsohon gidan ƙasa mai yoyo, a gaban mai unguwa da shaidu, takarda tana hannuna. An yi mini dariya, har matata ta ce na sayi gara da kuɗina. Ban damu ba. Inna ta tsufa, idonta ya tafi, kuma abu guda ta taɓa roƙona a duniya: ta kwana a soron ubanta kafin ta kwanta dama.

Na biyu, kuma nan ne ma'aikacinka ya yi kuskure. Na ɗauko Baba Hantsi, magini ne da ya gaji sana'ar. Ya zaga gidan yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya ce ginin lafiya lau yake, tubalin mutanen da ne, rufin ne kawai gara ta cinye. Ya ce a yaye rufin duka da zarar ruwa ya ɗauke, a bar bango ya sha rana wata biyu, danshi ya fita, gara ta gudu, sannan a ɗora sabuwar azara. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san haka ake yi. Muka yaye rufi. Muka cire ƙyauren zaure muka kai wa kafinta. Ni kuma na shiga neman azarar giginya mai kyau, don Baba Hantsi ya rantse ba zai ɗora kwano a kan ginin kakana ba ko da za a ba shi saniya.

Ana cikin haka ma'aikacinka ya zo ƙidayar kangaye. Maƙwabta sun shaida mini ko sauka daga babur bai yi ba. Ya ga babu rufi, ya ga babu ƙofa, ya sa aka shafa jan fenti, ya wuce. Haba, ranka ya daɗe! Ga ramin kwaɓa a tsakar gida, ga sabbin tubala a jere suna shan rana. Wane kango ne ake buga wa tubali? Gidan mai unguwa taku ashirin ne daga wurin. Matambayi ai ba ya ɓata. An ce an yi shela a kasuwa. Ni ranar ina Shinkafi ina zaɓen azara ɗaya bayan ɗaya. An ce kuma ana liƙa takarda a ƙyauren duk gidan da za a rushe. Ƙyaurena yana wurin kafinta, sai aka fasa liƙawa, aka ci gaba da aiki.

Na uku. Kada a ce ina adawa da aikinku. Ranar da aka ba mu jiharmu na yi murna, da Shari'a ta zo na yi hamdala. Na san akwai kangayen da 'yan caca da mashaya suka mayar mafaka, na kuma san iyaye sun yi kuka da su. Amma Shari'ar da malamanmu suka karantar da mu, ko ɓarawo aka kama sai an ji ta bakinsa, sai an kawo shaidu. Gidana ba a ji ta bakin kowa ba. Wa ya taɓa ganin karta ko kwalba a cikinsa? A fito da shi, in ya rantse na yafe.

Na huɗu. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai, ka yi haƙuri in na tsawaita. Lokacin da Inna take 'yar shekara biyar ko shida, mahaifinta yana yaɓen soron gabas, sai ta dafa ɗanyen yaɓen da tafinta. Maimakon ya dake ta, ya yi dariya ya bar wurin, duk shekara yana kewaye shi in ya zo sabon yaɓe. Waɗanda suka sayi gidan suka shafe shi da yaɓe. Da na gaya mata na sayi gida, tambayarta ta farko ita ce ko hannunta yana nan. Ta kwatanta mini: dama da alkukin da ake aje fitila, daidai ƙugun babban mutum. Baba Hantsi ya yini yana kankare wurin da bakin wuƙa a hankali, kamar mai cire ƙaya. Wajen la'asar sai ga shi. Ɗan tafi ƙarami, yatsu biyar cif, ƙaramin yatsan a ɗan karkace kamar yadda nata yake har yau. Ni da furfurata na zauna a ƙasa na yi kuka, tsohon nan yana ce mini in tashi kada mata su gani.

Na so in kawo ta washegari. Ta ƙi. Ta ce ba za ta shiga gidan ubanta yana tsirara ba, a rufa shi tukuna, sannan ta zo ta sa hannunta a cikin hannunta.

Ranar Talatar nan na iso da azarata a bayan mota, ina ta roƙon direba ya bi a hankali. Tun daga gangaren kasuwa na hango ƙura. Da na hau tudu, babu zaure, babu soraye, babu katanga. Baba Hantsi yana zaune a kan tarin ƙasa, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce ya tsaya a gaban katafila, aka janye shi aka ce tsoho ya ruɗe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bango ɗaya ne ya tsira, na gabas, don ya haɗu da ɗakin maƙwabciya, ita kuma ta fito da jikokinta ta zauna a gindinsa ta ce sai dai a haɗa da ita. Allah ya saka wa wannan baiwar Allah. Hannun Inna yana jikin bangon, a fili, rana tana dukansa. Mutanenka kuma sun ce za su dawo bayan ƙaramar Sallah su ƙarasa.

Har yau ban gaya wa Inna ba. Ta ɗaure 'yan kayanta a zane ta aje a gefen gado, da buta da carbi a kai. Kullum in na shiga gaishe ta sai ta ce, "Ummaru, an ɗora azarar?" Ni kuma in ce saura kaɗan, Inna. Da azumi a bakina nake yi wa uwata ƙarya, kuma ku kuka jawo mini.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. A goge jan fentin nan daga bangon gabas, a ba ni takarda da sa hannunka cewa ba za a taɓa shi ba. A hana motocin da suka fara kwasar ƙasar gidan suna cike ramukan hanya, don Baba Hantsi ya ce da ita za a sake buga tubali, ƙasar kakana ce, ta fi sabuwa ƙarfi. Sannan a umarci ma'aikatanka su riƙa sauka daga babur suna sallama da mai unguwa kafin su shafa wa gidan kowa fenti. Ban nemi diyya ba, ban nemi a kori kowa ba.

Azarata tana nan a jingine. In kun bar mini bangon, ɗaki ɗaya zan tayar a jikinsa kafin ruwa ya sauka, in rufa shi, in riƙo hannun Inna in kai ta. Ba ta gani, ba za ta san zaure ya tafi ba sai in ta tambaya. In kuwa katafila ta riga ni, to ka zo Ƙaura da kanka ka amsa mata tambayarta, don ni bakina ba zai iya ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya karɓi ibadarka, ya bar ka da mahaifiyarka in tana raye, ya jiƙanta in ta riga mu.

Wassalam.

Umaru ɗan Inna Kulu,
Ƙauran Namoda.